Hawan dutse na yini ɗaya a Bauchi da Gombe: yadda za ka hau ka sauko lafiya

Hawan dutse ya shigo gari yanzu. Kusan duk ƙarshen mako sai ka ga samari da 'yan mata, ɗalibai da ma'aikata, an haɗa guruf a WhatsApp an nufi Dass ko Zaranda, 'yan Gombe kuma su yi Tula ko Kaltungo ko wajen Dadin Kowa, kuma wallahi abin yana min daɗi, don akwai mutane da yawa da aka haifa a gindin duwatsun nan har suka yi furfura ba su taɓa ganin garinsu daga sama ba. Abin da ba ya min daɗi shi ne yadda wasu ke fita. Ƙarfe 10 na safe ake tashi, ƙafa da silifas, fiyo wata biyu a leda, waya cajinta saura kaɗan, a gida ma ba wanda ya san dutsen da aka nufa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani ko wani zai amfana.

Abin da nake so ka fara sawa a ranka, ɗan uwa, duwatsunmu ba irin na ƙasashen ƙanƙara ba ne da tsawo zai sa numfashi ya gagari mutum. Namu ba su kai nan ba. Abin da ke kayar da mutum a nan rana ce da ƙishi, sai kuma saukowa wadda yawanci ba a sa ta a lissafi kwata-kwata. Mutum zai ƙarar da ruwansa da ƙarfinsa wajen hawa, ya kai sama ya ɗauki hoto yana murna, alhali rabin tafiya kawai ya yi, kuma rabin da ya rage shi ne mai wuyar, shi za a yi da gajiyayyun ƙafafu rana tana tsaka. Don haka duk shirin da za ka yi, ka yi shi da tunanin yadda za ka sauko.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Dutse a bushe yake, safiya da sanyi, ciyawa ta kwanta kana ganin inda kake sa ƙafa. Amma hunturu yana da yaudara, iskar nan busasshiya tana shanye gumi tun kafin ka gan shi a jikinka, sai ka ɗauka ba ka yi zufa ba alhali ruwa na ta fita, ga hazo da ke tayar wa masu asma ciwo, mai ita kada ya bar abin shaƙarsa a gida. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin bazara, zafi yakan haura digiri 40 a yankin nan, dutsen ya sha rana ya riƙa mayar maka da ita ta ƙasa, tafin hannu ma ba ya iya daɗewa a kansa. Ni ba na ba sabon shiga shawarar hawa a watannin nan sai dai ƙaramin dutse da za a gama da shi kafin ƙarfe 9. Damina ita ce ta fi kyawun gani, ko'ina kore shar, amma ita ce mai santsi da tsawa. Da azumi a baki kuma dan Allah a haƙura, dutsen ba inda za shi, yana nan bayan sallah.

Sai lokacin fita. Ka yi sallar Asuba, gari na wayewa kana gindin dutse, Azahar ta same ka a ƙasa. In ka riƙe wannan kaɗai ka rage rabin matsala. Kuma tun kuna ƙasa ku tsayar da lokacin juyawa, a faɗe shi da baki kowa ya ji, misali ƙarfe 10 na yi za mu juya ko mun kai ƙololuwa ko ba mu kai ba. Wannan shi ne mafi wuyar cikawa, don lokacin zai yi kuna hangen saman dutsen kusa-kusa, wani zai ce haba saura ƙiris, kuma dutse haka yake, kana kai inda ka zata ƙarshe ne sai wani tudun ya ɓullo a bayansa. A nan ake gane jagoran kirki. Masu hawan yamma kuma su tuna a Disamba wajen ƙarfe 6 rana take faɗuwa, kuma a ƙasarmu duhu ba ya jira, cikin rabin awa ya rufe.

In kana son ƙiyasta tsawon tafiyar, akwai wani tsohon lissafi da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya kawo a 1892, har yau ana amfani da shi: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Amma fa wannan na mai ƙarfi ne wanda ya saba, a kan hanya mai kyau, ba hutu a ciki. Ku da kuka fito ku goma, ga mai ɗaukar bidiyo ga wanda yau ne farkonsa, ku ƙara rabin abin da lissafin ya ba ku a kai, kuma kada ku ɗauka saukowa za ta fi sauri, a falalen dutse sau da yawa ta fi cin lokaci.

Kafin ka bar gida ka gaya wa mutum ɗaya mai hankali sunan dutsen, ƙauyen da za ku ajiye mota ko mashin, su wa kuke tare, da lokacin da in bai ji ka ba ya fara nema. Ba wai ka sa a sitatus ba, ka kira shi ka gaya masa. Kuma kada ka hau kai kaɗai. Mutum uku ko huɗu ya fi, in ɗaya ya gurɗe ƙafa wani ya zauna da shi wasu su sauka neman taimako.

Da kun isa ƙauyen, kada ku wuce kai tsaye ku kama hawa kamar dutsen ba shi da masu shi. Ku nemi gidan mai unguwa ko dagaci ku yi sallama ku gaisa. Magana ce gajera: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga cikin gari, mun zo ne muna son hawa dutsen nan mu sauko kafin Azahar, ko akwai inda ba a zuwa, kuma ko za a haɗa mu da wanda ya san hanya?" Wannan gaisuwar tana da amfani fiye da yadda kake zato. Wasu duwatsun akwai tsofaffin kufai da maƙabartu da wuraren al'ada a kansu, don mutanen wurare irin su Dass da Tula da ƙasar Tangale a kan duwatsun kakanninsu suka zauna a da, kuma ba sa son baƙo ya taka wasu wuraren. Sannan su ne suka san halin tsaro na wannan makon, ba na bara ba. Kowa ya san yadda wasu dazuzzukanmu suka zama, in mutanen gari suka ce kada a bi ta wani ɓangare, ba gardama, ku canja. Kuma a zamanin nan ganin baƙin fuskoki da jakunkuna a bayan dutse ba tare da an san da su ba yana iya jawo zargi daga 'yan banga da maharba. Wanda aka haɗa ku da shi, ko maharbi ne ko makiyayi ko saurayi ɗan gari, ku yi ciniki da shi tun a ƙasa, ku biya shi haƙƙinsa da mutunci, ku ba shi ruwa da abinci cikin naku.

To yanzu ruwa, nan ne zan ɗan daɗe. Mai tafiya a dutse cikin zafi yana buƙatar tsakanin rabin lita zuwa lita 1 a kowace awa. Ledar fiyo wata ɗaya rabin lita ce. Ke nan tafiyar awa 4 tana son lita 2 zuwa 4, ka ɗauki aƙalla lita 3, wato leda 6, kai kaɗai, ba na rabawa ba, kuma ban da na alwala. Na san da nauyi, kowace lita kilo 1 ce, amma nauyi ne da ke raguwa kana tafiya. Gora ta fi leda, don leda tana fashewa a jaka in ta haɗu da makulli ko ƙaya, in ledar ce kawai ta samu to ka juye a tsofaffin gorunan lemo ka wanke su da kyau. Wasu suna daskarar da gora ɗaya a firiza tun dare su naɗe ta da tsumma, zuwa hantsi ta narke ta zama ruwan sanyi, dabara ce mai kyau. Ka sha rabin lita tun kafin ka fara hawa, sannan ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk bayan minti 15 ko 20, kada ka jira sai maƙogwaro ya bushe. Ka bar gora ɗaya ta musamman a mota don dawowa. Ƙa'idar da ba na sassauci a kanta ita ce, da ruwanka ya kai rabi, tafiya gaba ta ƙare, juyawa za a yi, ko lokacin da kuka sa bai cika ba. Kuma ka riƙa duba fitsarinka, in fari-fari ne lafiya, in ya yi ɗorawa sosai kuma kaɗan yake fita to jikinka yana bin ka bashin ruwa.

Ruwa zalla kuma bai isa ba, gumi da gishiri yake fita, shi ya sa za ka ga mutum ya sha ruwa da yawa amma jijiyar ƙafarsa tana ɗaurewa kansa na ciwo. Ka sayi ORS a kemis ƙunshi biyu ko uku ka jefa a jaka, ba shi da tsada. In babu, haɗin gida shi ne lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci kuma mara nauyi wanda ba ya lalacewa: dabino, gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli, aya, ayaba, lemon zaƙi, dafaffen ƙwai, burodi. Masa da safe kafin a tashi tana riƙe ciki. Kilishi yana da daɗi a sama amma yajinsa zai sa ka shanye ruwanka da wuri, fura da nono ko kunu kuma in suka sha rana a jaka sai su yi tsami su ɓata ciki. Ruwan da ka tarar kwance a kwarmin dutse kada ka sha, birai da awaki sun riga ka.

Takalmi shi ne abu na biyu bayan ruwa. Ba dole sai mai tsada ba, kambas na gwanjo ma ya isa in dai ƙasansa roba ce mai zane da ba ta cinye ba, kuma ka saba da shi, ba sabo dal da zai yi maka kanta ba. Silifas da takalmin fata mai sulɓi a bar su a gida. Safa mai kauri, ka yanke farcen ƙafa tun jiya don wajen saukowa yatsu ne ke dukan bakin takalmi. Dogon wando ko da zafi ake, saboda ƙaya da ƙarangiya da ƙaiƙayi, riga mai dogon hannu mara nauyi mai haske, hula mai baki ko malafa, da rawani ko ɗan kwali da za ka jiƙa ka ɗora a wuya. 'Yan uwa mata, zani da doguwar abaya suna harɗe ƙafa, ku sa wando mai kauri a ciki da riga zuwa gwiwa, hijabi kuma madaidaici wanda ba zai kama reshe ba ko ya rufe miki ganin inda kike taka ƙafa. Jaka ta goyo mai hannu biyu, don hannuwanka su zama a sake. A ciki a samu tocila ko da kuna da niyyar dawowa da rana, fawa bank, filasta, bandeji mai naɗi, man shafawa na leɓe, usur, da leda babba ta zuba shara. Sanda mai ƙwari tana taimakon gwiwa sosai.

Wayarka ka cika ta da caji, ka sauke taswirar wurin a Google Maps tun kana gida, kuma ka sa alama a inda kuka ajiye mota. Da yawa ba su san GPS yana aiki ko babu sabis ba, zai nuna maka inda kake muddin taswirar tana cikin wayar. A bayan dutse sabis yakan ɗauke, wayar ta yi ta nema tana cin batir, gara ka sa ta a yanayin jirgi sai in kana buƙata. Lambar gaggawa 112 ce, amma ka karɓi lambar wani ɗan ƙauyen ma, shi ne zai fi saurin iso ka.

Wajen hawa, a tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni, a sa shi kusa da gaba, a sa mai ƙarfi ɗaya a can baya wanda ba wanda zai bari a bayansa. In ba ka iya magana kana tafiya saboda haki, ka yi sauri da yawa, rage. Taku gajere, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse. Inda ya miƙe sosai kada ka tunkare shi kai tsaye, ka riƙa karkata dama da hagu. Yawancin duwatsun Bauchi irin falalen nan ne masu faɗi, a bushe suna kama takalmi da kyau, amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya baƙin zanen nan da ke gangarowa daga sama inda ruwa ke bi, in da danshi a kansa gansakuka ce, santsinta ba a magana. Na biyu 'yar tsakuwar da ke barbaje a kan falale, ita ce ta fi kayar da mutane a rani, kamar ka taka gero a kan siminti haka take, ƙafa ta tafi ba sallama. Wajen Bima da wasu duwatsun Gombe kuma dutsen yashi ne, yana iya ɓarewa a hannunka, ka bubbuga shi ka jijjiga kafin ka ɗora nauyinka. Inda sai an sa hannu, ka tabbatar gaɓoɓi uku suna riƙe kafin ka motsa na huɗu. Kada ka tsaya daidai ƙarƙashin wani, in dutse ya kufce a ƙafarka ka ɗaga murya ka ce "dutse!" na ƙasa su kauce. Kuma kafin ka haye kowane wuri mai wuya ka tsaya ka tambayi kanka, zan iya saukowa ta nan? In amsar ba e ba ce kai tsaye, kada ka hau. Ƙololuwa irin ta Dutsen Tangale da ta miƙe tsaye ba ta sabon shiga ba ce.

Ka riƙa waiwaye. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ke hana ɓata, domin hanya tana canja kama in ka juyo. Duk inda hanya ta rabu ka juya ka kalle ta ta fuskar mai saukowa, ka riƙe wata alama, kukar nan mai reshe ɗaya, dutsen nan da ya tsage biyu, ko ka ɗauki hoto. Daga sama za ka hango ƙauyen da motarku tar a ƙasa, zuciya ta ce ka yanke kai tsaye, kada ka yarda. Falalen dutse yana farawa da ɗan gangare mai sauƙi, yana ƙara miƙewa a hankali har ka tsinci kanka a inda gaba rami ne baya kuma ba ta komuwa. Ta inda ka hau ta nan za ka sauka, sai in ɗan gari ne ya nuna wata hanyar. Kafin a fara sauka a zauna a ci wani abu, a sha ruwa, a ƙara ɗaure igiyar takalmi. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba gudu, waya a aljihu. Inda ka ji tsoro ka zauna ka sauka da mazaunai, ba abin kunya ba ne.

Ku riƙa kallon fuskokin juna. Wanda zafi ya fara ci zai yi shiru, ya ce kansa na ciwo, jiri, tashin zuciya, gumi sharkaf, ƙafa ba ƙwari. Wannan a kai shi inuwa nan take, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa kaya, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan, kuma tafiyarsa ta ƙare, in ya farfaɗo ƙasa za a yi da shi. Amma in ya fara sambatu, yana tangaɗi, bai gane ku sosai, ko ya yi fushi haka kawai ba dalili, jikinsa zafi rau, to wannan bugun zafi ne kuma yana kisa. Kada a tsaya cewa iska ce ta dutse ta taɓa shi. A zuba masa ruwa a jiki, kai da wuya da hammata da matsematsi, a yi ta yi masa fifita, a fara sanyaya shi tun a wurin ana neman hanyar asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Masu sikila, masu hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya su ga likitansu kafin su shiga irin wannan tafiya, kuma su gaya wa jagora, musamman mai sikila da ƙarancin ruwa da wahala ke tayar masa da ciwo.

Maganar maciji ba ta wasa ba ce a ƙasar nan, ba banza ba aka yi asibiti na musamman na masu saran maciji a Kaltungo. Kububuwa ita ce ta fi yi mana ɓarna, 'yar ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, tana son ƙarƙashin duwatsu, ga kasa ga gamsheƙa. Kada ka cusa hannu a rami ko tsagar dutse da ba ka ga cikinsa ba, kada ka ɗaga dutse da hannu, ka duba kafin ka zauna, cikin ciyawa sanda ta riga ƙafa. In ƙaddara ta faɗa, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi in da hali maimakon ya taka. Ba a ɗaure sama da wurin tamau da igiya ko roba, ba a tsagawa, ba a tsotsa, baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi, kuma kada a ba shi asfirin ko ibuprofen. Kada a ɓata lokaci wajen bin macijin. Hatsarin kububuwa shi ne dafinta yana hana jini daskarewa, mutum zai ji kamar ba komai ya ce a kai shi gida, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Asibiti kai tsaye, allurar kashe dafi ce maganin. Ƙudan zuma ma suna yin gida a kogunan duwatsu, in ka ji gunjinsu ku ja baya shiru, ba jifa ba hayaƙi, turare mai ƙarfi ma a bar shi ranar. In sun taso ka rufe fuska ka bar wurin da sauri ta hanyar da ba gangare mai hatsari ba. Birai kuma kada a ba su abinci.

In damina ce, ido a gabas, ta nan hadarinmu ya saba tasowa kuma yana da sauri. Ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, duk daƙiƙa 3 kilomita 1 ce, in bai kai 30 ba kana cikin hatsari. Ku bar ƙololuwa, kada ku fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ko bakin kogo, ku ɗan warwatsu kada ku cure wuri ɗaya, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Busasshiyar ƙorama da kuka tsallaka da safe tana iya cika cikin ɗan lokaci ko da ba a kanku aka yi ruwan ba, in ruwa mai gudu ya kai gwiwa a jira ya janye. A rani kuma gobarar daji ce, wuta tana gudu ne zuwa sama da inda iska ta nufa, in kun hango hayaƙi a ƙasanku ku nemi falale mara ciyawa. Masu shan taba a kiyaye.

Masu sha'awar yashi kuwa, irin tuddan Tulo-Tulowa da ke ƙaramar hukumar Yusufari a Yobe, can lissafin daban ne. Babu inuwa, ƙafa na nutsewa, tafiyar da za ka yi a awa 1 a ƙasa mai tauri sai ta ci kusan 2, iska kuma tana share sawunka cikin ɗan lokaci, tuddan duk kamarsu ɗaya. Ka ƙara ruwa a kan abin da na faɗa, ka bi ta kan doron tudu inda yashin ya fi tauri, rawani a fuska, takalmi rufaffe don yashin rana yana ƙona ƙafa, kuma ba a shiga sai da ɗan gari. Yankari ma ba wurin da za ka sauka a mota ka kama tafiya ba ne, akwai giwaye da ɓauna, sai da ma'aikacin gandun, ko da Kogunan Marshall na jikin dutse za ka leƙa, in ka dawo ka huce gajiya a ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31.

Wani abu da ke ci min rai shi ne shara da rubutu. Ka hau wuri mai kyau ka tarar da ledojin fiyo wata da gwangwanaye a tsagar dutse, awakin mutanen ƙauye su ci leda su mutu, ga sunaye da lambobin waya an rubuta da fenti. A Geji da Shira akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, abin da ya daɗe tun kafin kakanninmu, in aka ɓata shi ba mai iya mayarwa. Kada a taɓa, kada a zuba ruwa wai don hoto ya fito. Abin da ka hau da shi ka sauko da shi, gonakin da ke gindin dutse a bi ta gefe, kuma a tambayi mutum kafin a ɗauke shi hoto.

In kun sauko a ƙirga kai tun kafin a shiga mota, a koma a yi wa mai unguwa sallama don ya san kun fita, ka kira mutumin nan na gida ka ce ka sauko. Ka ci gaba da shan ruwa har dare, ka duba ƙafa da hammata ko kaska ta maƙale. Ciwon cinya na kwana biyu ko uku ba komai ba ne, zai wuce. Amma in ciwon jiki ya yi tsanani, fitsari ya koma ja ko ruwan ƙasa, ko amai da ciwon kai suka ƙi tsayawa, kada ka kwana da shi a gida, ka tafi asibiti ka gaya musu dutse ka hau cikin rana.